Gaisuwar da Na Amsa a Jamus

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kamar yadda ban taɓa murɗa makullin mota ba sai na ambace Shi. Hauwa, matar babban ɗana, ita ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa, domin ban shiga aji ba ko na wuni ɗaya, kuma har yau ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Abin da ya sa na ware wa shekarar da na je Jamus babi guda, labarin ya yi ta yawo a garin Lafia har ya dawo kunnena ban gane shi ba. Wasu sun ce an kama ni a ƙasar Turawa, na kwana a hannun 'yan sanda. Wasu sun ce 'ya'yana ne suka ƙwace mini makulli don idona ya mutu. Har jikokina na ji suna raɗa wa juna haka a tsakar gida. To 'ya'yana, ku zauna ku ji daga bakin wadda ta riƙe sitiyarin.

Ni 'yar Keana ce. Uwata gishiri take dafawa, kuma da hayaƙin gishirin nan a jikin zanena aka kawo ni Lafia gidan Malam, mahaifinku. Yana da a-kori-kura guda, da ita yake ɗauko doya daga Agyaragu, ya kai gishiri inda ake nema. Da ciwon suga ya ci masa ƙafa, muka shiga ɗaukar direbobi. Wannan ya sayar da mai, wancan ya ƙona kuloci, wani ya tafi da mota ya kwana gidan budurwa doya tana ruɓewa a baya. Rannan na ce da Malam ya zauna a gefe ya nuna mini, muka je wani fili a bayan gari, na yi ta kashe mota ina tayarwa har ƙafata ta gane abin da kuloci ke so. Da na fara hawa titi maza dariya suka yi ta yi mini. Ku yaran yanzu ba lallai ku san wannan ba: a hanyar nan tamu, idan direba ya hango ɗan'uwansa direba, ƙifta masa fitila yake yi, wancan kuma ya ɗaga hannu ya amsa. Gaisuwar masu sana'a ce. Na daɗe ina wucewa ba mai ƙifta mini, kamar jaki ne ke jan motar. Ranar da wani tsohon direban gingimari ya ƙifta mini fitila a gangaren Agyaragu, sai da na tsaya gefen hanya na share idona. Daga ranar ban taɓa barin fitila ta haska ni ban ɗaga hannu ba. Da wannan motar na aurar da ku, da ita na biya kuɗin makarantar da ni ban shiga ba, kuma duk tsawon shekarun nan ba jami'in hanyar da ya taɓa rubuta sunana a kan laifi.

Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa, Babba nake ce masa, shi ne ya fara ƙorafi bayan mahaifinku ya rasu. A lokacin na sayar da a-kori-kura na sayi ƙaramar mota, ina zagaya masu sarin doyata da ita. Kullum maganarsa ɗaya: titi ya cika da keke da achaba, tirelolin hanyar Makurɗi ba su san tsohuwa ba, mutane na ce masa wane irin ɗa ne zai bar uwarsa tana tuƙi. Ita kanta Hauwa ta taɓa roƙonsa ta koya, ya ce mace ɗaya mai tuƙi ta ishi gidan nan. Wata Babbar Sallah, gida cike, ana cin nama, ya sake tayar da zancen.

"Iya, don Allah ki huta haka. Ga yaro nan zan samo miki, ke dai ki zauna a baya kamar kowace hajiya."

Na ce, "Bayan mota na doya ne. Na taɓa buge wani?"

"Ba ki taɓa ba, amma sai an jira kin buge?"

Na ajiye ƙashin da ke hannuna na ce, "To kowa ya shaida. Ranar da hukuma ta rubuta sunana a kan laifin tuƙi, ranar zan ba da makulli da hannuna, ba sai ka roƙa ba. Kafin nan kuma kada in sake jin zancen."

Ya ce ya yarda. Na faɗi haka ne domin na san kaina a kan titi. Ban kawo Jamus a lissafi ba.

Autata Maryam tana can da mijinta Malam Sule, dukansu aikin asibiti suke yi. Da ta haihu na fari aka ce in je in yi mata jego, domin ba ta da kowa a can da zai dafa mata ruwa ko ya dama mata kunun kanwa. Kafin in tafi na sa aka yi mini lasin da ake tuƙi da shi a ƙasar waje. Babba ya yi ta dariya, wai wa zai ba ni mota a can. Na ce ko ba a ba ni ba, ba na tafiya in bar lasina, kamar yadda ba na barin carbina.

Su Auta ba su da mota, jirgin ƙasa suke hawa kamar kowa a garin. Da suna ya matso, Malam Sule ya je wani kamfani da ke ba da hayar mota ka tuƙa da kanka ka mayar, ya karɓo guda don hidimar satin. Na bi shi, na tsaya a kansa har sai da ya sa aka rubuta sunana a matsayin direba ta biyu. Yarinyar da ke wurin ta duba lasina, ta dube ni, ta sake duba lasin, sannan ta yi murmushi ta rubuta. Ragon suna kuwa ba a yanka shi a ƙofar gida kamar nan. Sai an tafi wata gona mai nisa inda wani mahauci Musulmi yake yankawa bisa izini, a karɓo naman a kwali. Muka tafi ni da surukina, shi yana tuƙi, ni ina gefe ina kallon taga, don kun san zaman suruka da suruki, ba hira ake yi ba. A dawowa na lura kansa yana rinjaya. Bawan Allah daga aikin kwana ya fito, ga kukan jariri, bai runtsa ba. Motar ta ɗan ci layi sau ɗaya, na kau da kai. Da ta sake, na ajiye kunya gefe.

"Malam Sule, tsaya. Ba ni."

"Mama, ai lafiya lau nake."

"Lafiyarka ƙalau, idonka ne ya tafi gida ya bar ka. Ina da jika sabo, ba zan mayar da shi maraya saboda rago ba."

Ya tsaya, muka sauya. Ya ce in bi titin nan kawai kada in karya ko'ina, ya nuna mini lambar da allura za ta tsaya a kai. Ni ban iya karanta baƙi ba, amma lamba ba ta ɓace mini, da ita na yi kasuwa. Kafin mu yi nisa ya yi barci har da minshari. Yarana, ban taɓa tuƙa abu mai daɗin wannan ba. Hannu ɗaya suke bi da mu, giya irin wadda na sani, titi kuwa kamar an goge shi da dutsen guga, ba rami ko ɗaya. Na tsayar da allura daidai inda ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Na tuna marigayi Malam, na ce ina ma yana gefena ya ga inda filin bayan gari ya kawo ni.

Ga inda abin ya faru, ku saurara da kyau. A nan, yaya direba yake sanin ya shigo gari? Tudun rage gudu zai fara dukan ƙasan motarka. Masu lemo da gyaɗa za su taso maka, akuya za ta gitta, 'yan achaba za su cika bakin hanya, ƙafarka da kanta take neman birki. A can na wuce wani ƙaramin allo ruwan ɗorawa mai rubutu, ba lamba a jikinsa, na ɗauka talla ce. Sai ga gidaje masu kyau a jere, ƙofofi a rufe, ba yaro, ba kaza, ba mai tsire, ba ko kare. Na ce a raina wannan sabuwar unguwa ce ba a tare ba tukuna. Ashe gari ne da mutanensa a ciki, kuma allon nan da na wuce, sunan garin ne a jiki, shi kaɗai ne kuma umarnin a rage gudu. Ina cikin tafiya sai wata fitila ja ta haska ni daga gefen hanya, walƙ! Ban tsaya tunani ba. Hannuna ya tashi, na yi murmushi na amsa. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe a nan ma sun san direba idan sun gan ta.

Aka yi suna lafiya, aka mayar da mota. Na ci gaba da jegona, har mun kusa arba'in na fara ɗaure kaya, sai ga takarda. Hukumar garin ta tambayi kamfanin hayar wa ya karɓi motar, kamfanin ya ba da sunan Malam Sule, har ya cire nasa ladan daga asusunsa wai don wahalar ba da sunan. Na ce wannan ko dillalan doya ba su kai su ba. Na fito daga wanka na same su su biyu a kan takardar, Auta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.

Na ce, "Wa ya mutu?"

Ashe dariya take yi, sai ta miƙo mini takardar. Hoto ne baƙi da fari. Ga ni nan, ɗankwalina a ɗaure, hannuna a sama, haƙorina na Makka a waje, ga ƙeyar surukina ya jingina da taga. Malam Sule ya sunkuyar da kai ya yi mini bayani: ba mutum ba ne ya ƙifta mini, na'ura ce ta ɗauke ni don na wuce ƙa'ida da yawa. Akwai tara, akwai kuma hana tuƙi na wata guda a ƙasarsu. Tun da ba shi ne a hoton ba, suna so ya faɗi sunan matar.

Na ce, "To a kai ni wurin ogansu in ba shi haƙuri. Baƙuwa ce ni, kuma na girme shi ko wane ne."

"Mama, ba wanda za a gani. Takarda ce kawai ake mayarwa."

"Ƙasa guda ba wanda za a ba haƙuri?"

"Babu, Mama. Laifina ne ma, ni ya kamata in gaya miki zancen allon."

Na ce ya bar wannan, mai barci ba ya tuƙi. Sai a lokacin dariyar Auta ta tsaya, domin ta tuna abin da ni ma na tuna. Tana wurin ranar Sallar nan da na yi alkawarin makulli. Ta jira mijinta ya fita masallaci, ta zo ta zauna kusa da ni da jaririn a kafaɗa, ta rage murya.

"Iya, ki duba hoton nan. Kowa na cewa kamarmu ɗaya. Ga ɗankwali, ga duhu. A rubuta sunana. Ina hutun haihuwa, ba inda zan tuƙa, watan zai wuce ban ma sani ba. Yaya ba zai taɓa ji ba, ki koma ki ci gaba da motarki."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na yini ina juya ta. Na tuna hanyar Keana da sassafe, na tuna yadda masu lodi ke tasowa idan sun ji hon ɗina. Na san halin Babba, idan makulli ya bar hannuna ba zai dawo ba. Na sake ɗaukar hoton na kai shi bakin taga inda haske yake. Sai na ga wani abu. Shekarun nan duka ina tuƙi, ba wanda ya taɓa ɗaukata hoto a kan sitiyari. Hotunana duk na biki ne, ina zaune an jera mini yara. Wannan ne kaɗai ya nuna ni yadda nake, hannu ɗaya a kan sitiyari, ɗaya yana amsa gaisuwa. Shi ne zan ce ba ni ba ce?

Na kira ta na ce, "Auta, Allah Ya yi miki albarka. Amma ke kin taɓa loda doya a ruwan sama? Wannan hannun nawa ne. Na sha wuya kafin maza su yarda ni direba ce, ba zan zo ƙasar mutane in ce ba ni na tuƙa ba. Ke kuma ga jariri a hannunki, ba za ki fara uwa da yi wa hukuma ƙarya ba."

"Iya, makullin fa?"

"Ni na yi alkawarin, ni na san yadda zan cika shi."

Malam Sule ya cike takardar da sunana da lambar fasfona da adireshin gidan nan na Lafia, na sa alamata a ƙasa da hannuna. Ya so ya biya, na hana. Na kwance kuɗin da na ware don tsaraba na ba shi ya tura musu, na kuma mayar masa da ladan kamfanin. Shi ya sa a shekarar ba wanda ya samu turare, masu gunaguni yau kun ji dalili. Na ce a wanko mini hoton, a ƙara masa girma. Sannan na sa Auta ta kira Babba ta gaya masa, don ba na so ya ji a bakin wani. To ashe yana zaune a majalisarsu ta ƙofar gida, waya kuma tana yankewa. Ta ce masa kamara ta kama Iya. Shi kuwa ya miƙe tsaye a gaban jama'a ya ce da ƙarfi, "An kama Iya?" Kafin ta gyara masa, zancen ya riga ya shiga kasuwa. Daga nan ne kamun da kuke ji ya samo asali. Ranar da na dawo, ƙawata Mama Doo mai doya ta rungume ni tana kuka, tana tambaya wane abinci suke ba mutum a gidan fursunan Turawa.

Babba bai ce mini komai a kan makulli ba, sai sannu da hanya. Amma na ga wani saurayi yana wanke motata da safe, aka ce direban da aka samo mini ne. Na bari aka yi sallar Juma'a, gida ya cika, na sa aka rataye hoton a falo, kowa ya yi dariyarsa ya more. Sannan na kwance makullin daga bakin zanena.

Na ce, "Hukuma ta rubuta sunana. Ba ta nan ba ce, amma ban ce ta ina ba. Ga alkawari."

Babba ya matso ya miƙo hannu biyu cikin ladabi, har idonsa ya kawo ruwa. Na wuce shi na sa makullin a tafin Hauwa.

"Iya, ai ba haka muka yi ba."

"Yaya muka yi? Na ce zan ba da makulli da hannuna. Na ce wa zan ba?"

"Ai ba ta iya ba."

"Ni da iyawa aka haife ni? Kai ka ce mace ɗaya mai tuƙi ta ishi gidan nan. To ɗayar ta sauka, gurbi ya samu."

Ƙannensa suka fashe da dariya, ya duba hagu ya duba dama bai ga mai taya shi ba. Yaron kirki ne, bai ja da ni ba, sai ya ce Allah Ya tsare hanya. Rubuta haka, Hauwa, ki daina dariya, mijinki ne.

Kada ku ɗauka abin bai yi mini ciwo ba. Kwanakin farko ina idar da asuba hannuna zai tafi bakin zane yana lalube. In na ji an tayar da mota a waje sai in shige ɗaki in rufe ƙofa. Filin da na koya yanzu gidaje ne, sai wajen Shabu muka samu wani, na zauna a gefe inda Malam ya zauna, ita tana kashe mota tana tayarwa, ni ƙafata tana taka birkin da babu. Sau da yawa na ji kamar in ce matsa in nuna miki. Ban taɓa faɗa ba, kuma tun ranar Juma'ar nan ban sake zama a bayan sitiyari ba, ko a cikin gida. Ba a ƙwace mini ba, idona kuma har gobe yana zura zare a allura.

Da ta samu lasinta, ranar kasuwar Agyaragu na ce ta kai ni. A gaba na zauna, ban koma baya ba, kuma ba zan koma ba. Muna sauka gangaren nan sai ga wata gingimari ta taho, direban ya gane motar, ya ƙifta fitila. Hannuna ya tashi da kansa har ya kai rabi. Na kama shi da ɗayan na mayar kan cinyata. Hauwa ta damƙe sitiyari da hannu biyu, idonta a kan titi, ba ta ma san abin da ya faru ba.

Na ce, "Ɗaga masa hannu, 'yar nan. Ke aka gaisar."